Ranar da Vavá Ya Yi wa Walƙiya Tiyata

Ranar Laraba da hantsi mijin yayata Valdomiro, wanda duk unguwa ke kira Vavá, ya shigo shagon Dona Zuleide, ya haye kan akwatin lemo, ya ce a yi shiru zai yi magana. Mu huɗu ne a shagon kuma babu mai magana, amma sai da ya jira muka ƙara yin shirun.

Ya ce, "Walƙiya na biyu zai fito. Kuma ni zan sa a fito da shi."

Dona Zuleide ta juya pastel, irin samosarmu ta nan, a cikin mai, ta ce, "Sauko mini daga kan akwati, Vavá, ba a yi shi don ɗaukar buhu ba."

A unguwarmu, can gefen birnin Campina Grande a Brazil, duk namijin da ya haura arba'in yana da ɓangare, kuma ba na ƙwallo nake nufi ba. Shekara talatin da wani abu ke nan mahaifin Dona Zuleide ya dawo daga Paraguay da na'urar gem da kaset biyu na tsere, ya ajiye su a wannan shagon muna bugawa da awa. Sunayen da ke jikin kwalayen sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu namu. Ɗaya Walƙiya: motoci marasa taya suna shawagi a kan titin da aka rataye a sama, wai a shekara ta dubu biyu da ɗari biyar. Ɗaya kuma Kunama: jirage ne masu tsere suna harbin juna ta gaba da ta baya. Ni ɗan Kunama ne, kuma ba don ɓangarena ba ne zan ce Kunama ya fi. Walƙiya gudu ne kawai, wanda ko kaza ta iya.

Abu ɗaya ya haɗa mu da su, wato kamfanonin biyu duk sun manta da mu. Kowace shekara sai mu taru mu zuba wa waya ido ranar da ake sanar da sababbin gem, furfura na ƙaruwa, tumbi na ƙaruwa, a gama ba Walƙiya na biyu, ba Kunama na biyu. Sai mu koma musu kan wanda za a fara tunawa da shi.

Shi kuwa Vavá, duk arzikinsa na duniya haruffa uku ne. A cikin kaset ɗin Walƙiya akwai jerin gwanaye goma, kowa da haruffa uku da lokacin da ya yi. A saman jerin an rubuta VAV, minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da takwas. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya yi wannan gudun, kuma tun daga ranar bai sake taɓa hannun gem ba, wai babu wanda ya kai ya tashe shi. Ya gyara fanka, ya sayar da katifa, ya buɗe wurin wankin mota, kowanne ya rushe masa a ka, amma VAV na nan. Har a jikin babur ɗinsa ya rubuta lambar da fenti.

Ya ci gaba, har yanzu a kan akwatin, "Kamfanin Walƙiya ya ce masoya su aiko da bidiyo na murnar cika shekara. Kowa zai aika yana washe baki yana ɗaga kwali. Ni abin da zan aika sai ya sa su kuka a Japan. Batirin da ke riƙe da sunayen nan a cikin kaset ya tsufa, ko yau ko gobe zai mutu. Ranar Lahadi zan farke kaset ɗin a dandali, a gaban jama'a, in cire tsohon batir in sa sabo, na'ura tana kunne, suna ɗaya ba zai goge ba. In suka ga irin son da ake wa abinsu, kafin Kirsimeti mun ji sanarwa."

Na ce, "To in suka yi na biyun, za su sa abin harbi ne, ko dai yawon shan iska za a ci gaba da yi?"

"Kai Nildo, rufe mana baki. Wanda bai iya tuƙi ba shi ke neman bindiga."

"Wanda ke gudu kuwa tsoro yake ji."

"Ku ji wai ɗan Kunama ke maganar gudu! Jiraginku in suka sha kwana kamar keken mai rake. Kiɗan ma na jana'iza ne."

"Naku fa? Tin-tin-tin kamar motar mai sayar da ƙanƙara."

Dona Zuleide ta buga ludayi a bakin kasko. "Tsaya tukuna. Kaset ɗin babana za ka farke?"

"Dona Zuleide, in ban farke ba, wata safiya za ki kunna ki tarar da fili."

Abin haushin shi ne a nan gaskiya ya faɗa. Muddin na'ura na kunne sunayen na nan ko da babu batir, amma in wuta ta ɗauke ko kaset ya fita a wannan tsakanin, shi ke nan. Hotunan jerin kam kowa na da su a waya, sai dai a wajenmu abin da ba ya cikin kaset bai faru ba.

Ta ce, "Akwai mai gyara a kasuwa. Minti goma zai yi."

Vavá ya dafe ƙirji. "Ni za a kai wa mai gyara? Ni da na gyara fanka ta fi ɗari uku a garin nan?"

Na ce, "Nawa ne suka sake juyawa?"

Ko kallona bai yi ba. Ya kafa ya tsare har Dona Zuleide ta gaji ta yarda, amma ta nuna masa ludayin ta ce ya dube shi da kyau.

Ranar Asabar motar shela ta kama zagaya unguwa da muryar Vavá a lasifika: gobe ƙarfe huɗu, a dandalin gaban coci, babban gwani zai yi aikin da ba a taɓa yi ba a duk jiharmu ta Paraíba, kuma Japan za ta kalla kai tsaye. Na tare shi a bakin titi na ce, "Yaya, ƙarfe huɗun yamma a nan, huɗun asuba ce fa a can." Ya ce ai mutanen can ba sa barci, shi ya sa suka ci gaba. Yayata Cleonice tana shanya a bayan katanga, ta ce da ni in ƙyale shi, kwana uku ke nan yana cin abinci da kyau yana waƙa a banɗaki.

Lahadi ta yi, dandali ya cika. 'Yan Walƙiya a dama da shuɗayen riguna, mu 'yan Kunama a hagu mun zo ganin ƙarshen abin. Masu sayar da masara da ruwan rake sun kafa. An jera kujera ta musamman da farin ƙyalle, an zaunar da Likita Kuwabara mai cire haƙori, wanda kakanninsa 'yan Japan ne, aka liƙa takarda a gabansa wai wakilin Japan. Bawan Allah ya ce shi a Londrina, nan cikin Brazil, aka haife shi, kuma an gaya masa ne za a ci gasasshen nama. Vavá ya ce ya zauna kawai ya riƙa gyaɗa kai. Har farar rigar aikin likitan Vavá ya aro ya sa, maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa.

Matsala ta fara daga talabijin. Vavá ya aro wani shafaffe mai faɗin ƙofa, aka kafa shi, aka zo sa waya, babu ramin da wayar tsohuwar na'ura za ta shiga. Ya leƙa baya, ya leƙa ƙasa, ya ce laifin masu ƙera shi ne, ba su san tarihi ba. Dole mutum huɗu suka je suka kinkimo tsohon talabijin na shago, mai ƙaton ƙeya, suna nishi suna zagin juna. Da aka ajiye shi sai na gaba kaɗai ke gani, na baya suna tambaya, "An fara?"

Sai wuta. Ya ce bai yarda da wutar gari ba a rana irin wannan, don haka ya aro janareton mai ruwan rake. Aka ja igiya, ya tashi da ƙara da baƙin hayaƙi, daidai lokacin da Vavá ya fara jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa. Muna ganin bakinsa na motsi, hannu na nuna sama, hannu na dafa zuciya, ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Wakilin Japan ya yi ta tari yana gyaɗa kai. Wata tsohuwa ta fito daga coci ta ce ko a kashe abin nan ko ta zuba masa ruwa. Aka kashe. Aka jawo waya daga shagon Dona Zuleide, ta ratsa titi, Vavá ya zaunar da matarsa kusa da soket ya ce ko limamin coci ne ya zo cajin waya kada ta bari.

Ya ɗaga kaset sama, 'yan Walƙiya suka yi tafi. Ya zaro sukudireba, ya sa, ya juya, ya cire, ya duba. Notin kaset ba irin namu ba ne, kansa kamar tauraro.

Wani daga ɓangarenmu ya ce, "A kawo masa guduma!"

Vavá ya ce, "Jahilci ne ke damunku. Ku ba ni biro."

Dabara ce da ya gani a waya: a narkar da gindin biro da wuta, a danna a kan notin, roba ta ɗauki siffarsa, sai a juya. Biro na farko ya kama da wuta, ya yar. Na biyu ya ɗiga masa a babban yatsa, ya yi tsalle ya ambaci sunan wani waliyyi, sannan ya ce da gangan ya yi, yana gwada zafin ne. Na uku ya manne a jikin kaset ya ƙi fita. Likita Kuwabara ya gaji da gani, ya ciro ɗan ƙaramin ƙarfen cire haƙori daga aljihu, ya kwance notin guda biyu kafin a ƙirga goma, ya koma ya zauna.

Vavá ya juya wajen mai ɗaukar bidiyo ya ce, "Kun ga haɗin gwiwar ƙasashe biyu."

Ya zare koren allon da ke cikin kaset, tsirara, ya cusa shi a na'ura ya kunna. Kiɗan mai ƙanƙara ya tashi. Jerin gwanaye ya bayyana, VAV a sama. Zan faɗi gaskiya, kowa ya matso kusa. Akwai sunayen mutanen da suka tafi São Paulo ba su dawo ba, akwai na mutum biyu da muka kai makwanci. Ko ni da ba na cikin jerin sai da na karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Vavá ya sa tabarau, ya ɗauki ƙarfen dalma mai zafi. Gumi na ɗiga masa daga hanci. Ya taɓa ƙafa ɗaya ta batirin, ta saki. Ya taɓa ta biyu, ta saki. Ya ɗaga tsohon batir sama kamar ya ciro harsashi daga ƙirjin mutum, sunaye goma na nan a talabijin. 'Yan Walƙiya suka ɓarke da ihu. Na ce a raina, yau wannan mutumin zai yi nasara, mun shiga uku har ƙarshen rayuwarmu.

Da ya sa sabon batir nan take da an tashi lafiya. Amma Vavá ne. Sai da ya juya ya rusuna wa dama, ya rusuna wa wakilin Japan, ya yi mana gwalo, sannan ya ce bari ya ƙarasa jawabin da janareto ya cinye. Yana cikin nuna sama gwiwar hannunsa ta ɗan bugi allon kaset. Hoton talabijin ya dagule, ya koma layi-layi masu launi, kiɗan ya maƙale a sauti ɗaya.

Mu da muka tashi a gidan gem mun san magani ɗaya ne tak in hoto ya dagule: ka zare kaset, ka hura masa iska sau biyu, ka mayar. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke yi da kansa, kamar korar ƙuda. Dandali gaba ɗaya, dama da hagu, muka ɗauka da murya ɗaya, "Hura masa! Hura masa!" Ni ma na faɗa, ba zan ɓoye ba, kuma ba da mugunta ba.

Vavá ya fizge koren allon daga na'ura, ya kai baki, fuu, fuu.

A huri na biyun ne idonsa ya sauka a kan sabon batir, yana nan kwance a tebur cikin ledarsa. Kumatunsa suka tsaya a kumbure. Can daga tsallaken titi muka ji muryar Cleonice, "Vavá, ni dai ban bar kowa ya taɓa soket ba!"

Ya mayar da allon a hankali, ya kashe, ya kunna. Hoto ya dawo tas, ai maganin yana aiki. Jerin gwanaye ya fito da sunayen da kamfani ya sa tun daga masana'anta, goma reras, kowanne minti uku da wani abu.

Vavá ya ce da ƙaramar murya, "Suna ciki. Ɓuya suka yi. Haka yake yi wani lokaci."

Dona Zuleide ta ratso jama'a da ludayi a hannu. Kowa ya matsa, ni har na rufe ido ɗaya. Amma ba ta ɗaga ba. Ta sa likita ya manna sabon batirin, ta ɗauki hannun gem ta dangwara wa Vavá a cinya.

"Kai ka goge, kai za ka rubuta. Zauna."

"Dona Zuleide, yatsana ya ƙone."

"Kana da tara."

"Tabarau ɗin na karatu ne, ba na tsere ba."

"Shekara talatin kana cika mana kunne a shago. Buga mu gani."

Ya buga. Kwanar farko ya daki bango. Ta biyu ya daki bangon da ke fuskantar na farkon. A ta uku motar ta tashi sama ta bar titin gaba ɗaya ta faɗa cikin birnin da ke ƙasa, wani namu ya ce a kira motar asibiti. Sau uku yana farawa, yana cewa an canza hannun gem, rana na haske masa ido, wani na yi masa numfashi a wuya. A karo na huɗu ya lallaɓa ya kai ƙarshe kamar mai ɗauke da ƙwai: minti biyu da daƙiƙa hamsin da ɗaya. Tunda sunayen kamfani kawai ke ciki, sai ga VAV a sama.

Ya miƙe tsaye, kunya ta tafi kamar ba a yi ba. "Na ɗaya! Ɗauki wannan, ɗauki da kyau! Sau biyu a tarihi!"

Dona Zuleide ta ce, "Na gaba."

Layi ya kafu. Mai ruwan rake ya goge hannu a riga ya yi biyu da ashirin, Vavá ya koma na biyu, ya ce sa'a ce. Direban motar shela ya mayar da shi na uku, Vavá ya ce ai shi ya koya masa. Dona Zuleide da kanta ta zauna, ludayi a hammata, ta tura shi na huɗu, ya dubi ludayin ya ja da baya. Wakilin Japan, wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba, ya tambayi wane maɓalli ne na tafiya, ya gama a biyu da arba'in da huɗu. Ana bugawa VAV na gangarowa, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi, "Shida! Bakwai! Takwas!" Da ya kai na goma sai Vavá ya tare gaban talabijin da hannu biyu.

"An rufe! Na'ura ta yi zafi, za ta lalace."

'Yan Kunama suka ce ba a rufe ba, saura Nildo. Suka turo ni gaba. Ni da na rantse tun ina yaro ba zan taɓa wannan wasan masu yawon shan iska ba, sai ga ni zaune. Duk kwana sai babban yatsana ya nemi abin harbi ya rasa. Na daki bango ya fi sau goma, kuma, kada ku gaya wa kowa, gudun yana da daɗi. Na tsallake layi a minti biyu da daƙiƙa arba'in da tara.

VAV ya ɓace daga allon. A gurbi na goma sai layuka uku suna ƙiftawa, suna jiran haruffana. Mutanenmu suka haukace, "NIL! NIL! NIL!"

Na waiga. Vavá na tsaye a gefena cikin rigar aro, ƙonannen yatsa a baki, bakin nan da bai taɓa rufuwa ba ya rufu. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai a lokacin. A bayansa yayata ta baro soket ɗin ta zo ta tsaya tana kallona. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni.

Na danna V, na danna A, na danna V.

'Yan Kunama suka ce maci amana, wani ya jefe ni da totuwar masara. Vavá ya daɗe yana kallon allon. Ya ɗora hannu a kafaɗata, ya matse sau ɗaya ya saki. Sannan ya gyara wuyan riga, ya share gumi, ya jawo mai bidiyo kusa, ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe.

Ya ce, "Ɗauki nan da kyau, kada ka damu da na saman. Mutanen Japan daga ƙarshe suke fara karatu."